Babban Yatsan Noah

Ranar hawan Arfa ce ta shekarar alif ɗari tara da saba'in da bakwai, kuma duk faɗin Gombe babu mai wata magana sai ta rago. Shi kansa Sufeto Bamanga Joda hularsa ya ɗauka zai leƙa kasuwar dabbobi, sai ga Kofur Bernard ya faɗo ofishin 'yan sandan yana haki, ko sarawa bai tsaya ya yi ba.

"Yallaɓai, an kashe Alhaji Bappayo mai rediyo. Yanzu aka tsinci gawarsa a shago, can unguwar Kumbiya-Kumbiya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Sufeto. "Kira min Saje Ja'afaru. Ka ce ya taho da akwatinsa."

Zamanin nan ne da kuɗin fetur ya shigo hannun mutane, kowa na son a ji kiɗa na tashi daga ɗakinsa, don haka shagon Alhaji Bappayo ba ya rabo da jama'a. Yau ma cike yake maƙil, amma da 'yan kallo. Da ƙyar Kofur Bernard ya buɗa hanya da kulki.

Alhaji na kwance a bayan kanta, an buge shi da rodi a ƙeya. An fasa kabad ɗin gilashi, an kwashe rediyo shida. Jinin ya riga ya bushe. Tun jiya bayan magariba abin ya faru ke nan, lokacin da layin ya watse.

Saje Ja'afaru ya durƙusa ya buɗe akwatinsa. Baƙo ne a Gombe, shekararsa uku da zuwa, kuma Bamanga ne da kansa ya tsaya masa har aka tura shi Kaduna kwas ɗin zanen yatsa. Tun da ya dawo ya zama ɗan gaban goshin ofis. Fashi uku aka rasa yadda za a yi da su, hodarsa ta warware. Har laƙabi aka sa masa, Mai Hoda, kuma in aka kira shi da shi bakinsa har kunne yake kaiwa.

Ya barbaɗa baƙar hoda a kan ɓaraguzan gilashin, ya bi da buroshi a hankali, ya manna salatif ya ɗaga, ya liƙa a kan farin kati.

"Rodin ya yi tsatsa, ba zai ba mu komai ba," in ji shi. "Amma ga shatin babban yatsa guda ta cikin gilashin, inda hannun mai saye ba ya kaiwa. Sai na je ofis na duba da kyau."

A cikin gida suka tarar da Bilkisu, babbar 'yar marigayin, idanunta sun kumbura.

"Adda Bilkisu, ki yi haƙuri da ni," in ji Sufeto. "Akwai wanda Alhaji ya yi sa'insa da shi kwanan nan?"

"Akwai. Wani birkila, dogo, mutumin Billiri. Ya sayi rediyo, bayan kwana biyu ya dawo da ita wai ta daina magana. Babana ya ce shi ya jefa ta a ruwa. Suka yi ta cacar baki har ina jiyo su daga nan."

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Za ka gani, Alhaji.' Da kunnena na ji."

"Sunansa?"

Ta girgiza kai. Ba ta sani ba.

To fa. Birkila dogo a Gombe, a shekarar da kowane lungu ake kafa bulo! Ga Sallah ta shigo, masu gini duk sun watse. Sai da aka kwashe kwana tara cur ana bin wuraren gini ɗaya bayan ɗaya kafin Kofur Bernard ya sauko da mutumin daga kan tsani a unguwar Madaki. Sunansa Noah, yana zaune a unguwar Bagadaza da matarsa da 'ya'ya huɗu.

Aka zaunar da shi a benci a ofishin Sufeto. Ƙurar siminti ta yi masa fari har gira, babban yatsansa na dama kuma ɗaure da ƙyalle.

"Ka san Alhaji Bappayo?"

"Na san shi, ranka ya daɗe. Allah ya jiƙansa."

"Ka ce masa zai gani?"

"Fushi ne kawai. Nufina zan kai ƙararsa wajen mai unguwa."

"Ka kai?"

"Ban kai ba."

"Ina kake bayan magariba, saura kwana biyu Sallah?"

Noah ya dubi ƙasa. "Ina coci. Muna koyon waƙa."

Sufeto ya fita ya tura Kofur wajen fasto. A baranda Sufuritanda, shugaban ofishin, ya tare shi ya wanke shi tas: dangin marigayi manyan mutane ne, waya daga Bauchi ta hana shi sakat, kwana tara ba a gurfanar da kowa ba, wannan wane irin aiki ne? Bamanga ya tsaya ƙiƙam yana "E, yallaɓai," har faɗan ya ƙare.

Da ya koma ciki, ya tarar an kwance ƙyallen, Noah na riƙe da tambulan na gilashi da hannu biyu yana kwankwaɗar ruwa, Saje Ja'afaru na tsaye a kansa kamar mai jinya.

"Ƙishirwa ta kama shi, yallaɓai," in ji Saje. Ya karɓi tambulan ɗin ta gindi ya ajiye a kan kabad. Sannan ya kama hannun Noah ya juya shi. "Duba nan. Yanka ne a babban yatsa. Gilashi ba ya wasa."

Sufeto ya duba, ya gyaɗa kai. Bai tambayi komai ba. Wannan shirun ya daɗe yana cinsa daga baya.

Kafin la'asar Kofur ya dawo da amsa: fasto ya ce ba a yi koyon waƙa a ranar ba, shi ma yana Kaltungo wajen jana'iza. Washegari da safe kuma Saje Ja'afaru ya shigo yana taku ɗai-ɗai, ya shimfiɗa hotuna biyu a kan tebur, waɗanda aka ƙara musu girma har kowane yatsa ya kai faɗin tafin hannu.

"Wannan na shago ne, wannan kuma wanda na dangwala masa jiya. Ba sai na wahalar da kai da ƙirga layuka ba, yallaɓai. Dubi farin layin nan da ya ratsa tsakiya. Yankan ne. A duka biyun yana nan. Ko makaho ya shafa zai gane."

Bamanga ya ji wani sanyi a ransa, ya dafa kafaɗar Saje. "Mai Hoda! Ka fitar da mu kunya."

Ya sa hannu a fayil. Sufuritanda ya ce ranar Litinin da ƙarfe takwas Landiroba za ta ɗauki fayil da mai laifi zuwa Bauchi, kotun musamman ta 'yan fashi. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Fashi da makami a lokacin ba shi da hukunci biyu. Turke ne, da gangunan yashi a baya, da sojoji da bindigogi a gaba, jama'a na kallo.

Ranar Juma'a ke nan.

Bayan an sauko daga masallaci, Sufeto ya tarar da wata mace zaune a dandamalin ofis, da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali. Tana ganinsa ta zube.

"Ranka ya daɗe, ni ce Selina, matar Noah. Sun hana ni shiga."

"Tashi, Mama. Ki ba Kofur abincin, zai kai masa."

"Ƙarya ya yi muku, na sani," in ji ta, hawaye na zuba. "Ba coci yake ba. Gidan burkutu yake. Ya rantse a gaban fasto lokacin bikin Ista cewa ya bari, ana shirin ba shi muƙamin dattijon coci. Wallahi mutumin nan ya gwammace ku ɗaure shi da a ce fasto ya ji. Amma kisa? Noah da ko kaza aka yanka sai ya kau da kai?"

Bamanga ya sha jin irin wannan. Kowace mata mijinta waliyyi ne a bakin caji ofis. Ya juya zai wuce, sai ta kwance bakin zane ta ciro wata 'yar kwalba.

"To ko wannan a ba shi. Sistar asibiti ta ce a riƙa shafawa a inda ta cire zaren, kada ya ruɓe."

Ya tsaya. "Wane zare?"

"Zaren ɗinki. Yatsansa da ya yanke ran Sallah."

"Ran me?"

"Ran Sallah, ranka ya daɗe. Wajen fiɗar rago."

"Ba kin ce ko kaza ba ya iya kallo ba?"

"Yankawa ce ba ya iyawa. Fiɗa kuwa duk Bagadaza babu kamarsa."

Sufeto ya karɓi kwalbar. Gabansa ya faɗi, don lissafin bai da wuya: an kashe Alhaji saura kwana biyu Sallah. In da gaske ran Sallah wuƙa ta shiga yatsan nan, to yaya aka yi yankan ya riga wuƙar zuwa shago?

Bai faɗa wa kowa ba. Asabar da hantsi ya cire kaki, ya sa riga da hula, ya hau kekensa zuwa Bagadaza.

Gidan haya ne babba, ɗakuna jere, rijiya a tsakiya. Mai gidan, Malam Bobbo, tsoho ne tukuf, yana zaune a zaure hannuwansa na rawa a kan gwiwa. Suka gaisa da Fulatanci har gaisuwar ta ƙare don kanta.

"Bappa, wa ya feɗe maka rago bana?"

"Noah mana. Wa zai feɗe? Shekara bakwai ke nan. Ni in yi bisimilla in yanka, shi ya karɓa. Da Kirsimeti kuma akuyarsa ni nake yanka masa, don mu ma mu ci. Kai ba ɗan garin nan ba ne da kake tambaya?"

"Ya ji ciwo?"

"Ciwo? Kai! Muna dawowa daga Idi aka kayar da rago. Ya zo wajen cinya, wuƙa ta zame, ta shige babban yatsa har sai da na hango fari. Jini kamar shi aka yanka. Muka ruga da shi wajen Sista Juliana."

"Kafin ranar fa, yatsan lafiya yake?"

"Da wane yatsa ya wasa wuƙar da safe?" Tsohon ya ɗago ido. "Ɗana, na ji abin da kuke shirin yi. In kuka kashe yaron nan, ku sani haƙƙi kuka ɗauka."

Maƙwabci yana iya yi wa maƙwabci ƙarya, kuma Bamanga ya ga an yi ta fi a ƙirga. Don haka ya wuce kai tsaye ƙaramin ɗakin shan magani da ke bakin titi.

Sista Juliana gajeriya ce mai faɗa, tsohuwar ma'aikaciyar asibitin mishan. Tana jin tambayar ta janyo littafin marasa lafiya ta buɗe da ƙarfi.

"Ga shi nan. Ranar Sallah, ƙarfe sha ɗaya da rabi. Noah, birkila, yankan wuƙa a babban yatsan dama, ɗinki uku. Ina tunawa sarai, don maƙwabta sun aiko min da shinkafa da nama, kafin in gama da shi ta huce. Rana ta bakwai na cire zaren."

Sufeto ya duba. Sunan na tsakiyar shafi, akwai mutum biyu a sama, huɗu a ƙasa, tawada iri ɗaya. Ba abin da aka cusa daga baya.

"Ba zai yiwu tsohon ciwo ne ya buɗe ba?"

"Sufeto, shekara ashirin ina ɗinke mutane. Ka taɓa ganin na zo ofishinku ina koya muku kama ɓarawo?"

"Sista, ɗinki yana barin alama?"

"Allura ta shiga nan ta fita nan, ka ce ba alama? Kowane ɗinki huji biyu. Sai ya yi wata kafin su shafe."

A hanyar komawa ya tsaya wajen wani mai gyaran agogo ya ari ɗan madubin nan da suke maƙalawa a ido. Na ofis yana cikin akwatin Saje, kuma yau ba ya son Saje ya san ko tari ya yi.

Lahadi da rana ofis ba kowa sai masu gadi. Bamanga ya kulle ƙofa, ya buɗe fayil, ya kai hoton farko bakin taga, wanda aka rubuta a ƙasansa cewa daga gilashin shago aka ɗauke shi ranar hawan Arfa. Ya maƙala madubin.

Ga farin layin. A gefensa na sama, wani ɗan ɗigo fari. Ga wani. Ga na uku. Ya gangara ƙasan layin: ɗaya, biyu, uku.

Shida.

Ya sake ƙirgawa, wai ko idonsa ne. Ina! Shida ne, a jere, biyu-biyu suna fuskantar juna. Gumi ya keto masa har ya jiƙa wuyan riga. Haushi ya kama shi, da kunya, kuma kunyar ta fi yawa, domin hoton nan kwana biyu yana kan teburinsa.

Ya sauka bayan kanta, ya sa aka buɗe masa ɗakin da Noah yake. Mutumin ya rame a kwana uku kamar wanda ya yi jinyar wata.

"Ina kake ranar?"

Noah ya rufe fuska. "Gidan burkutu, ranka ya daɗe. Don Allah kada fasto..."

"Kai, rufe min baki da fasto! Turke ke jiranka kana zancen fasto. Me ya yanke ka?"

"Wuƙa. Ragon Baba Bobbo."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa wa Saje, lokacin da ka fita. Ya yi dariya. Ya ce yaushe Kirista ya fara layya? Ya ce in sake wata ƙaryar, wannan ba ta zauna ba."

"Sannan ya ba ka ruwa."

"E. Ya ce in riƙe da kyau kada ya faɗi, na gwamnati ne."

Litinin, ƙarfe bakwai da rabi, Landiroba na tsaye a ƙofar ofis, direba na goge gilashi. Kofur Bernard ya riga ya ɗauko ankwa. Selina na tsallaken titi da goyo, ba ta kuka, ta dai ƙura wa motar ido.

Sufeto ya ce wa Kofur, "Dakata da fito da shi. Kira min Saje, kai ma ka tsaya a bakin ƙofa."

Saje Ja'afaru ya shigo tsaf da shi, kaki ya sha guga, ya sara.

"Zauna, Ja'afaru."

Ya zauna. A kan tebur akwai fayil, da madubin mai agogo, da tambulan ɗin nan cike da ruwa. Idonsa ya sauka a kan tambulan ɗin ya ɗauke da sauri.

"Sha ruwa."

"Alhamdulillahi, yallaɓai, na karya."

"Ɗauka dai. Riƙe da kyau. Na gwamnati ne."

Hannun Saje bai motsa daga kan gwiwarsa ba.

"To bari. Tuna min, yaushe ka ɗauki yatsan nan daga gilashin shago?"

"Ranar Arfa, yallaɓai. Kana tsaye."

"Ina tsaye, na ga ka ɗauki wani abu. Yankan nan kuma ka ce gilashi ne?"

"Shi ne."

"A lokacin fashin."

"Babu shakka."

"Mutum ya yanke har ƙashi, ya dafa gilashi, amma ko ɗigon jini babu a shatin?"

"Wataƙila... kafin jinin ya fito ne."

"Wataƙila." Sufeto ya tura masa hoton da madubin. "Duba gefen layin. Ƙirga min abin da ka gani, da ƙarfi, Kofur ma ya ji."

Saje ya maƙala madubin. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Nawa?"

"Shida."

"Mene ne su?"

Saje ya ajiye madubin a kan tebur.

"Hujin allura ne, Ja'afaru. Ɗinki uku. Sista Juliana ta yi su ran Sallah da ƙarfe sha ɗaya da rabi, ga littafinta. Lokacin Alhaji Bappayo ya kwana a kabari. To gaya min, gilashin shagon ne ya yanke shi ya kuma ɗinke shi? Ko Noah ne ya koma da zare a hannu ya dafa gilashin da ke kulle cikin akwatinka?"

"Yallaɓai, maƙwabta ne, sun haɗa baki. Kirista me ya kai shi ragon..."

"A nan ka faɗi!" Sufeto ya buga tebur har ruwan ya fantsama. "Shekara uku kana garin nan, ba ka taɓa shiga gidan kowa ran Sallah ka ga wa ke riƙe da ƙafar rago ba. Ya gaya maka gaskiya da bakinsa, ka yi dariya. Da ka yarda da shi da ka san yatsan nan ba zai yi maka aiki ba. Daga jikin wannan tambulan ka ɗauke shi, ka liƙa a sabon kati, ka rubuta ranar Arfa. Ƙarya nake?"

Saje Ja'afaru ya dubi ƙofa. Kofur Bernard ya cika ta. Sai kawai kafaɗunsa suka zube.

"Na ɗauka shi ne, yallaɓai. Wallahi na ɗauka shi ne. Ya yi barazana, ya yi ƙarya, ga ciwo a hannu. Hujja ce kawai babu. Kowa ni yake kallo, kai ma ni kake kallo. In na ce hoda ba ta ba da komai ba, me na zama?"

"Na gaskiyar fa? Wanda ka ɗauka a gabana?"

"Bai dace da na Noah ba. Bai dace da na kowa a katunanmu ba."

"Ina yake?"

"Na ƙona."

Bamanga ya rufe ido. Yatsan wanda ya kashe Alhaji Bappayo ke nan, ya zama toka, mai shi kuma yana can yana yawo a gari, wataƙila da rediyo a kafaɗa. Me zai gaya wa Bilkisu? Amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, tun jiya take damunsa, yana tsoron amsarta.

"Sau nawa?"

"Yallaɓai..."

"Na ce sau nawa ka yi wannan?"

Muryar ta fito da ƙyar. "Da wannan huɗu."

Kofur Bernard ya ce, "Yesu!" bai san ya fito ba.

"Duka ukun ke nan," in ji Sufeto a hankali. "Duka waɗanda muka yi ta yabonka a kansu."

"Biyu suna gidan yari. Ana iya fito da su."

"Na ukun fa?"

Bamanga da kansa ya san amsar. Na ukun Alfred ne, direban tifa, wanda aka ɗaure a turke bara da rani a wani fili bayan gari. Bamanga na wurin, a sahun gaba, cikin kakinsa. Ya ji mutumin yana ihu har muryarsa ta dushe, yana cewa bai taɓa taka gidan ba, a tambayi Allah. Ya ji, ya ce a ransa duk haka suke faɗa. Ya koma gida ya ci tuwo.

Bamanga ya dubi Saje.

"Cire bel ɗinka. Ajiye hular."

Saje ya cire. Kofur ya matso da ankwar da aka tanadar wa Noah, ya ɗaura masa.

Sufuritanda ya fito jin hayaniya. Da aka nuna masa hoton da littafin Sista, ya fara da faɗa, wai za a zubar da mutuncin ofis, a bari a rufe maganar a cikin gida. Bamanga ya miƙa masa madubin ya ce ya ƙirga da kansa, sannan ya faɗa masa in yana so ya sa hannu a tura mutumin turke. Sufuritanda ya ƙirga. Ya ajiye madubin, ya ce a saki birkila, ya shige ofishinsa ya rufe ƙofa.

Aka buɗe ɗakin bayan kanta. Noah ya fito yana kare ido daga haske, bai fahimci komai ba sai da Kofur ya tura shi waje ya ce, "Je ka, matarka na can." Ya tsallaka titi ba takalmi. Selina ta kama rigarsa da hannu biyu, sai a lokacin kukan ya zo mata.

Kofur ya ja Saje Ja'afaru zuwa ɗakin da aka buɗe. A bakin ƙofar ya tirje, ya waiwayo. Idanunsa sun yi ja.

"Yallaɓai, ni na liƙa katin. Amma kai ma ka sa hannu. A duka huɗun."

Masu gadi suka sunkuyar da kai.

"Na sa," in ji Bamanga. "Shiga da shi."

Ƙofar ƙarfe ta rufe.

Sufeto ya koma teburinsa, ya ciro sabuwar takarda, ya rubuta rahoto zuwa hedikwata a Bauchi. Bai tsawaita ba: yadda aka ƙirƙiri shaidar, sunayen mutum biyu da ke gidan yari a kan ƙarya, da sunan Alfred. A ƙarshe, inda ake jera jami'an da ya kamata a bincika, ya rubuta Saje Ja'afaru. Alƙalamin ya tsaya a sama na ɗan lokaci. Yana da shekara ashirin da biyu a aiki, saura kaɗan a ƙara masa girma, ga iyali. Ya ji tsoro, ba ƙarya.

Ya sauke alƙalamin ya rubuta a layi na biyu: Sufeto Bamanga Joda.

Ya liƙe ambulan, ya fita da kansa ya miƙa wa direban Landiroba.

"Ina mai laifin, yallaɓai?" in ji direba.

"Yana ciki," in ji Sufeto, ya nuna ambulan ɗin. "Tafi. Kada ka tsaya ko'ina sai Bauchi."